Wa Ke Riƙe da Muciya? Tarukan Abinci na Al'umma a Indiya, Ɗorewar Noma da Haƙƙin Masu Hidima

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi tarukan abinci da al'umma ke shiryawa a ƙasar Indiya, ta auna su da matsayin wanda ya noma, ya surfa, ya dafa, ya wanke kwanuka. An fi ba da ƙarfi ga bikin tsofaffin irin shuka da matan karkarar Zaheerabad ta jihar Telangana ke yi tun 1999, sannan aka waiwayi ciyarwar langar ta mabiya addinin Sikh, da bikin abincin bakin titi na birnin Delhi, da girkin makarantun gwamnati. Maƙalar na riƙe da cewa kusan duk matakin da ake yabawa da sunan kare muhalli a harkar abinci ƙarin aikin hannu ne, saboda haka ba za a iya raba batun ɗorewa da batun lada da iko na masu wannan hannu ba.

1.0 Gabatarwa



A watan Maris na 2021 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da shawarar da Indiya ta gabatar, aka ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa ta duniya. Tun kafin shekarar ta kama aka shiga hidima. A watan Disamban 2022 an shirya wa 'yan majalisar dokokin Indiya liyafar rana da abincin gero da dawa da tamba, kuma da shugabannin ƙasashen G20 suka hallara a Delhi a watan Satumban 2023, irin wannan abinci aka ajiye musu. Manyan otal-otal sun bi sahu, makarantu da unguwanni sun yi nasu baje-kolin. Hatsin da aka shafe shekaru ana yi wa kallon cimar talaka ya wayi gari a teburin manya.

Bahaushe na da dalilin kasa kunne ga wannan labari. Binciken masana tarihin tsirrai ya nuna cewa a yankin Sahel na Afirka ta Yamma aka fara noma gero, dawa kuma daga gabashin Sudan ta fito, daga nan ne suka tsallaka teku suka isa Indiya dubban shekaru da suka wuce. A yau Indiya ce kan gaba a duniya wajen noman gero, Nijar da Nijeriya na cikin na sahun farko. Cibiyar binciken amfanin gona ta yankuna masu ƙarancin ruwa, wato ICRISAT, wadda aka kafa a 1972, hedikwatarta na Patancheru kusa da Haidarabad, tana kuma da tasha a Sadore kusa da Yamai da ofis a Kano. Hatsinmu ɗaya ne da nasu, wahalar sarrafa shi ma ɗaya ce. Wannan ne ya sa tambayar maƙalar ta zo da sauƙi: a cikin duk wannan shagali, ina mai surfe take tsaye?

2.0 Yadda gero ya bar tukunya

Kafin a fahimci bukukuwan, sai an san abin da ya haife su. Daga tsakiyar shekarun 1960 Indiya ta rungumi noman alkama da shinkafa masu yawan yabanya, da takin zamani da ban-ruwa, domin ta kuɓuta daga yunwa da dogaro da hatsin agaji. Ta kuɓuta kuwa, kuma bai kamata a raina wannan nasara ba. Gwamnati ta riƙa sayen alkama da shinkafa a farashin da ta lamunce wa manomi, tana raba su da rahusa a shagunan hatsi na hukuma. Manomin da ya ga kasuwa tabbatacciya ga shinkafa ba zai tsaya kan gero ba. Talakan da ya samu shinkafa da araha, wadda ba ta buƙatar sussuka da surfe, shi ma ba zai ƙi ba.

A jihar Andhra Pradesh, wadda Telangana ke cikinta kafin a raba su a 2014, gwamnatin N. T. Rama Rao ta fito da shirin sayar da kilon shinkafa a kan rupi 2 a 1983. Shirin ya ciyar da mutane da yawa. Amma a tudun Deccan, inda ƙasa ke da tsakuwa, damina kuma ba ta da tabbas, ƙananan manoma sun ga ba riba a wahalar noman dawa, suka bar gonaki suka zama saura. Iri iri-iri da kakanni suka adana suka fara ɓacewa daga rumbuna. A can arewa kuma, jihar Punjab da ba ta gaji cin shinkafa ba ta zama babbar mai noma ta, rijiyoyin burtsatse suka yi ta zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa har hukumar ruwa ta ƙasa ta lissafa mafi yawan gundumomin jihar cikin waɗanda ake ɗiba fiye da abin da damina ke mayarwa. A 2009 sai da jihar ta yi dokar hana dasa shinkafa da wuri don rage ɓarnar.

3.0 Amalanken iri a Zaheerabad

A 1983, shekarar da shinkafar rupi 2 ta shigo, aka kafa ƙungiyar Deccan Development Society a ƙauyen Pastapur kusa da Zaheerabad. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta shi ne P. V. Satheesh, tsohon ma'aikacin gidan talabijin, wanda ya rasu a watan Maris na 2023. Ƙungiyar ta tattara mata kimanin 5,000 a ƙauyuka kimanin 75, a ƙananan ƙungiyoyin ƙauye da suke kira sangham. Mafi yawansu 'yan Dalit ne, wato mutanen da tsarin rabe-raben asali na gado ya ajiye a can ƙasa, waɗanda a da ko inuwarsu ake gudu. Yawancinsu 'yan ƙwadago ne a gonakin wasu, ko masu ɗan fili marar albarka.

Aikin farko da ya ba su suna shi ne rumbun hatsi na ƙauye. A tsakiyar shekarun 1990 matan suka karɓi rance don farfaɗo da gonakin da aka bari saura, da sharaɗin a biya bashin da dawa maimakon kuɗi. Dawar da aka biya tana zama a ƙauyen. Mutanen ƙauyen da kansu suke zama su tantance gidajen da suka fi talauci, a sayar musu da ita da rahusa a lokacin da abinci ke yankewa kafin kaka. Mata ne ke riƙe da lissafi, su ne ke auna hatsi. Ga wanda ya san yadda matar Dalit ke tsayawa a bakin ƙofar mai gona tana roƙon iri bashi, wannan canji ne babba, domin yanzu ita ake zuwa nema.

Daga wannan tushe bikin ya tsiro. Tun 1999, kowace shekara a tsakiyar watan Janairu, lokacin bikin girbi na Sankranti, ana ƙawata amalanken shanu da zane da furanni, a jera musu irin dawa da gero da tamba da nau'o'in wake da riɗi da sauransu, sai ayarin ya tashi yana bin ƙauyuka har tsawon wata guda. Mata na gaba suna waƙa da rawa. Duk ƙauyen da aka sauka, a yi zama a fili, tsofaffi su faɗi sunan irin da suka sani da irin ƙasar da yake so, manoma su yi musayar iri, a tattauna matsalar farashi da bashi, jami'an gwamnati da masu bincike su zauna su saurara, sannan a ci gurasar dawa da miyar ganye. Cikin ganyen da mutanen Telangana ke ji da shi akwai gongura, wato yakuwa da rama da muka sani.

Dabarar da ke cikin wannan tsari ta cancanci a tsaya a kanta. Maimakon a kira manomi birni ya biya kuɗin mota ya tsaya a bayan tebur, bikin ne ke zuwa ƙofar gidansa. Gani ya kori ji: matashin da bai taɓa ganin wani nau'in dawa ba sai a bakin kakarsa zai riƙe shi a tafin hannu, ya kuma san gidan da zai samu. Irin da ake nunawa na matan ne, a gonarsu aka girbe, a kwandunan da suka shafe da laka suka adana shi, da toka da ganyen darbejiya don maganin ƙwari. Noman da suke yi kuma na cakuɗe ne, gona ɗaya ta ɗauki amfani goma ko fiye, ba ban-ruwa, ba takin zamani. In ruwa ya yi gardama wani ya mutu wani ya tsira, kara ya zama abincin shanu, wake ya gyara ƙasa. Duk wanda ya tashi yana ganin gero da dawa da wake a gona ɗaya a ƙasar Hausa ya san hikimar ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Haka kuma matan ba su bar labarin bikin a hannun baƙi ba. Wasu daga cikinsu, waɗanda ba su yi boko ba, sun koyi riƙe kyamara suna ɗaukar fina-finan noma da kansu. A watan Oktoban 2008 suka buɗe Sangham Radio, gidan rediyon al'umma da matan Dalit ke gudanarwa da harshen Telugu na yankin. A garin Zaheerabad ƙungiyar ta buɗe gidan abinci mai suna Cafe Ethnic da ke dafa abincin gero da dawa. A 2019 aka ba ta lambar yabo ta Equator, wadda hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke bayarwa. A ra'ayina, a nan ne ƙarfin bikin yake. Iri nasu ne, rumbu nasu, murya tasu, saboda haka in an tashi daga taro ba abin da ke komawa birni a bayan mota.

Duk da haka tsarin na da rauninsa, kuma mai nazari bai kamata ya rufe ido ba. Ya daɗe yana samun tallafi daga waje. Audugar zamani da rake suna jan manoma da kuɗin hannu, filayen yankin kuma suna tsada saboda shirin kafa babbar unguwar masana'antu a Zaheerabad. 'Ya'yan matan da suka yi karatu suna duban Haidarabad. Sannan akwai abin da ba a cika faɗa a wurin biki ba: ƙananan hatsi dangin gero suna da ƙaiƙayi mai taurin kai, kuma kafin injin surfe ya iso ƙauye, turmi da taɓarya ne, da ƙirjin mace. Da yawa daga matan da suka karɓi shinkafa da hannu biyu a shekarun 1980 hutun daka suka karɓa. Duk mai kiran a koma ga gero, ya wajaba ya zo da injin surfe ƙarami da ƙauye zai iya riƙewa, ya kuma zo da farashi. Jihar Odisha ta fahimci haka a shirinta na gero da ta fara a 2017, inda ta haɗa sayen tamba daga manoma a farashin lamuni da miƙa injinan sarrafawa ga ƙungiyoyin mata.

4.0 Langar: zama a layi ɗaya

Tsohuwar al'adar ciyar da jama'a a Indiya da ta fi shahara ita ce langar. Guru Nanak, wanda ya rayu daga 1469 zuwa 1539, shi ya assasa ta a Kartarpur, magadansa suka ƙarfafa ta. Ƙa'idarta ita ce kowa ya zauna a ƙasa a layi ɗaya, mai kuɗi da matalauci, ɗan kowane asali da mabiyin kowane addini, a ci abinci ɗaya. A ƙasar da cin abinci tare shi ne iyakar da tsarin asali ya fi tsarewa, wannan magana ce mai nauyi. A babban wurin ibadar mabiya addinin Sikh da ke Amritsar ana ciyar da dubun-dubatar mutane kowace rana, kyauta, da gurasar alkama da miyar wake da shinkafa. Masu sa kai ne ke yanka albasa da murza gurasa da wanke farantan ƙarfe, tare da ma'aikatan hukumar da ke kula da wuraren ibadar. Wanke kwano a nan ibada ce, attajiri na neman a ba shi.

Duniya ta ga ƙarfin wannan al'ada lokacin da manoma suka yi zaman dirshan a mashigan Delhi, a Singhu da Tikri da Ghazipur, daga Nuwamban 2020 zuwa Disamban 2021, don adawa da dokokin noma uku da daga baya gwamnati ta janye. Tukwanen langar ne suka riƙe zaman shekara guda cur, cikin sanyi da zafi, har talakawan unguwannin kusa da 'yan sandan da ke gadi suna samun rabo. Sai dai daidaiton layin cin abinci bai kai gona ba. Ƙidayar 2011 ta nuna 'yan Dalit sun kai kusan kashi 32 cikin ɗari na mutanen Punjab, mafi yawa a duk jihohin ƙasar, amma kason ƙasar noma da ke hannunsu ƙalilan ne. Su da 'yan ci-rani daga Bihar da Uttar Pradesh ne ke dasa shinkafar da sauran aikin ƙarfi. Dokar jihar ta ware wa 'yan Dalit kashi ɗaya cikin uku na filayen gayya na ƙauye da ake bayarwa haya, amma sai da suka yi gwagwarmaya mai tsawo, musamman a gundumar Sangrur, kafin wasu su sami damar noma abin da doka ta riga ta ba su.

5.0 Masu abincin bakin titi

A Delhi, ƙungiyar masu sana'a a bakin titi ta ƙasa, NASVI, tana shirya bikin abinci na shekara-shekara tun 2009, inda masu tuya da girki daga jihohi daban-daban ke kafa rumfuna su sayar da abincinsu kai tsaye. Ƙungiyar masu sana'ar ce ke shirya shi, ana horar da su kan tsafta, cinikin kuma aljihunsu yake shiga. Gwagwarmayar ƙungiyar na cikin abin da ya kai ga dokar 2014, wadda ta hana korar mai sana'a kafin a yi ƙidaya a ba da takardar izini, ta kuma ce kashi 40 cikin ɗari na kwamitin da ke tsara wuraren sana'a a kowane gari su kasance masu sana'ar ne. Aiwatarwa ta yi jan ƙafa a birane da dama. A shirye-shiryen taron G20 na 2023 an yi ta ba da rahoton tashin masu teburi daga titunan Delhi, a birnin da ake yi musu tafi 'yan kwanaki a shekara.

A wannan fage ma kare muhalli na da nasa ma'aikatan da ba a gani. Tun 1 ga Yulin 2022 Indiya ta haramta wasu kayan roba na amfani sau ɗaya, cikinsu har da faranti da cokali. Masu shirya taro suna alfahari da farantin ganye ko na ƙarfe. Farantin ganyen, matan ƙabilun daji na Odisha da Jharkhand ne ke shiga kurmi su tsinko, su ɗinke da tsinke ɗaya bayan ɗaya, ɗan kasuwa ya saya da arha. Na ƙarfen kuma sai an samu mai wankewa. Matakan suna da kyau, ina goyon bayansu, amma kasafin taron da bai rubuta ladan waɗannan hannuwa ba bai cika ba.

6.0 Ɗakin girkin makaranta

Wuri na ƙarshe da zan kai mu shi ne inda ake ciyar da jama'a mafi yawa. A ranar 28 ga Nuwamban 2001 Kotun Ƙolin Indiya, a shari'ar da ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta PUCL ta shigar, ta umarci jihohi su ba ɗaliban firamare na gwamnati dafaffen abincin rana. A 2004 kotun ta ƙara da cewa a fifita 'yan Dalit da 'yan ƙabilun daji wajen ɗaukar masu girki. Manufar a bayyane take: yaro ya saba da cin abin da hannun kowa ya dafa. Har yanzu akan sami ƙauyen da iyaye ke hana 'ya'yansu cin girkin matar Dalit, kamar yadda ya faru a gundumar Champawat ta jihar Uttarakhand a Disamban 2021, inda daga baya ɗaliban Dalit su ma suka ƙi cin girkin wadda aka sa a madadinta.

Shirin, wanda aka sake wa suna PM POSHAN a 2021, yana da nasa taron al'umma. Akwai al'adar Tithi Bhojan da ta faro daga Gujarat, inda wani iyali ke kawo wa makaranta abinci na musamman ranar haihuwa ko aure ko tunawa da mamaci. Ana kuma shirya gasar girki tsakanin masu dafa abincin makarantu, ana ƙarfafa jihohi su sa gero da tamba a jerin abincin yara. Na yi na'am da sa gero a kwanon yara, domin kasuwa ce tabbatacciya ga manomin tudu, kuma hatsi ne mai gina jini. Dokar wadata ƙasa da abinci ta 2013 ma ta riga ta ba shi gurbi a rabon hatsi, a kan rupi 1 kowane kilo a wancan lokacin.

Abin da nake roƙon masu bincike su sa wa ido, a Indiya ko a duk inda ake shirin ciyar da ɗalibai da hatsin gida, shi ne lissafin lokaci. A auna sa'o'in da tsince gero da jiƙa shi da niƙa da murza gurasar yara ɗari ke ci, a gwada da na dafa shinkafa, a ga wa ke ɗaukar bambancin. A Indiya masu wannan girki sun kai kimanin miliyan biyu da rabi, kusan dukkansu mata. Hukuma na lissafa su a matsayin masu taimako na sa kai, saboda haka dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kansu ba, abin da ake ba su kuma sunansa alawus. Wasu jihohi, irin su Kerala da Tamil Nadu, suna ƙara musu sosai daga aljihunsu, wasu kuma ɗan abin da suke ƙarawa bai taka kara ya karya ba. Adadin da tsarin ƙasa ya yanka shi ne rupi 1,000 a wata, na wata goma a shekara, kuma tun Disamban 2009 yake a haka, duk da zanga-zangar da ƙungiyoyinsu suka sha yi a Delhi da manyan biranen jihohi.